Aerosmith: Run-DMC ne suka tashe su, ko barin ƙwaya?

Abba Fagge
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da ke yawo a bakin samarinmu masu son rap, wai da ba don tawagar rap ta Run-DMC ba da tuni an manta da sunan Aerosmith, tawagar kiɗan rock ta Amurka. Hujjarsu ita ce "Walk This Way" da Run-DMC suka sake yi a 1986 ta hau mataki na 4 a jadawalin Billboard na waƙoƙin Amurka, alhali ta asalin a na 10 ta tsaya. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ai waƙar ta Aerosmith ce, tun 1975 take cikin kundinsu Toys in the Attic. Idan ka ari rigar mutum ka fita da ita aka yaba, kai ka ɗinka? Manyanmu da suka daɗe suna bin wannan kiɗa su sa mana baki don Allah.

Nazifi Rijiyar Lemo
Wa alaikumus salam. Yaya Abba, ni ne dai kake nufi, to ga ni. Ba wanda ya ce ba su suka ɗinka ba. Abin da na ce shi ne a 1985 mutanen nan sun mutu murus. Sun fitar da Done with Mirrors, kasuwa ta ƙi shi. Run-DMC, yara baƙaƙen fata uku daga unguwar Hollis ta New York, suka ɗauko su suka sa a tashar talabijin ta kiɗa MTV, bayan shekara ɗaya sai ga su suna sayar da miliyoyi. Me kuma ake nema?

Malam Sabo Tudun Wada
Ku yi haƙuri ku bar ni in koma baya kaɗan, domin wanda bai san irin hawan da suka yi ba, ba zai gane girman faɗuwar ba, balle tashin.

Steven Tyler makaɗin ganga ne tun farko, kafin ya dawo gaba ya riƙe makirufo. Mahaifinsa gwanin fiyano ne, malamin kiɗa, kuma danginsu suna da wurin hutu a wani ƙaramin gari mai suna Sunapee a jihar New Hampshire. Can ya ga Joe Perry da Tom Hamilton suna wasa da 'yar tawagarsu, ɗaya a jita ɗaya a jitar bes. A 1970 suka haɗe, suka ɗauko Joey Kramer a ganga, kuma shi Kramer ne ya kawo sunan Aerosmith. Da farko Ray Tabano ne a jita ta biyu, a 1971 Brad Whitford ya karɓi wurinsa. Waɗannan biyar ɗin su ne Aerosmith, duk wanda ya shigo daga baya riƙon ƙwarya ya yi.

Gida ɗaya suka tare a Boston, lamba 1325 a titin Commonwealth Avenue, suna kwana suna tashi da kayan kiɗa. Wasansu na farko a wata makarantar sakandare aka yi shi, a garin Mendon, cikin Nuwamban 1970. Sai 1972 Clive Davis, shugaban kamfanin Columbia a lokacin, ya gan su a wani kulob na New York mai suna Max's Kansas City ya ba su kwantiragi. Kundinsu na farko ya fito a Janairun 1973, kamfanin bai ma damu da shi sosai ba, hankalinsa yana kan Bruce Springsteen wanda nasa kundin farkon ya fito a daidai lokacin. "Dream On" da kowa ya sani yanzu, a na 59 ta tsaya a wannan shekarar. Sai da aka sake sakin ta ta kai na 6 a 1976.

To me ya faru a tsakani? Hanya suka kama. Gari gari suke bi suna wasa, musamman garuruwan ma'aikatan masana'antu irin su Detroit, inda samari masu wandon jins suka riƙe su hannu bibbiyu. 'Yan jarida kuwa raina su suke yi, suna cewa kwaikwayon Rolling Stones ne kawai, har da cewa Tyler leɓen mawaƙinsu Mick Jagger ya aro. Ba rediyo ce ta yi su ba, ba jarida ba. Zufa ce. Nazifi, wannan tushen ne Run-DMC suka tarar, ba fili fetal ba.

Isufu Damagaram
Malam Sabo, Allah ya ƙara sani. Ni mai kaɗa jita ne, to ta wannan ɓangaren zan yi magana. Duk mai son ya san su wane ne mutanen nan, ya ajiye waƙoƙin soyayyar nan na baya-bayan nan, ya nemi kundi biyu: Toys in the Attic na 1975 da Rocks na 1976, dukansu da furodusa Jack Douglas.

Ku saurari buɗewar "Sweet Emotion". Tom Hamilton ne ya fara da bes shi kaɗai, a hankali, kamar mai lallaɓawa. Sannan Perry ya shigo da wata na'ura mai bututun roba da ake sawa a baki, sautin jita ya bi ta bututun ya shiga bakinsa, shi kuma yana motsa leɓe, sai ka ji jitar tana furta kalma. Wannan ƙaras-ƙaras ɗin da ke bayanta kuwa, Tyler ne yake girgiza ƙunshin sukari a gaban makirufo saboda babu caki a situdiyon.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne Whitford. Perry ke shan suna, shi ne mai gashi a fuska da tsayuwar ƙasaita, amma Whitford ne mai tsabtar hannu. Jita biyun nan ba abu ɗaya suke kaɗawa ba, ɗaya na barin gurbi ɗaya na cikewa. "Last Child" tasa ce shi da Tyler. Slash na Guns N' Roses ya sha faɗa cewa Rocks ne ya juya masa rayuwa ya sa ya rungumi jita, Kurt Cobain na Nirvana ma ya sa shi cikin jerin kundayen da ya fi so. Mutanen da suka haifar da irin waɗannan ba za a ce wani ne ya ba su suna ba.

Nazifi Rijiyar Lemo
Malam Isufu, na ji, amma ka taimake ni ne ba ka sani ba. Gangar Kramer da ke buɗe "Walk This Way" tun kafin 1986 masu juya faifai a unguwannin New York suke maimaita ta yara suna rap a kai. Da yawansu ba su ma san sunan tawagar ba, sunan kundin suke kira. Daƙiƙun farkon nan kawai suke so, da an zo wurin da Tyler zai buɗe baki sai su mayar da allura baya. Kenan unguwa ce ta riƙe kiɗan da rai lokacin da masu shi ke kwance.

Abba Fagge
Ƙanina, ai ka manta cewa su Run da DMC, mawaƙa biyu na tawagar, ƙin yin waƙar suka yi da farko. Rick Rubin, furodusansu, wanda ya tashi yana jin Aerosmith, shi ya kawo shawarar a yi ta sukutum da baitocinta. Da suka ji baitocin suka ce wannan shirmen ƙauyawa ne. Na ukunsu mai juya faifai, Jam Master Jay, ne ya lallashe su. Kuma ribar ba ɓangare ɗaya ta tafi ba. Gidajen rediyon rock da ba su taɓa sa rap ba sai da suka sa wannan, kundinsu Raising Hell ya kai mataki na 3. A bidiyon ma ai ka gani, ɗakuna biyu ne da bango a tsakani, kowa na damun ɗan uwansa da ƙara, Tyler ya ɗauki sandar makirufo ya fasa bangon. Kowa ya ratsa ya shiga ɗakin wani.

Anti Larai
Ku yi mini afuwa in shigo, ni aikin jinya nake yi, kuma abin da kuke ta tsallakewa shi ne ya fi damuna. Kuna ta maganar jadawali kamar jadawali ne ya kayar da su. Ƙwaya ce ta kayar da su.

Tyler da Perry har laƙabi aka yi musu, Toxic Twins, wato tagwayen guba, saboda yawan hodar iblis da heroin da suke sha. Draw the Line na 1977 a wani tsohon gidan 'yan zuhudu da ke wajen New York suka yi shi, an kai su can ne don su nisanci fitina, sai fitinar ta bi su har can. Kuɗi ya ƙone, aikin ya fito bai kai na baya ba. A Yulin 1979 bayan wani wasa a filin ƙwallo na Cleveland rigima ta tashi a bayan dandamali, matar Perry ta watsa wa matar Hamilton madara, Tyler da Perry suka yi cacar baki, Perry ya fita daga tawagar. Mutane suna ba da wannan labari kamar madarar ce ta raba su. Duk wanda ya zauna da mai shaye-shaye ya san ba haka abin yake ba. Mutumin da jikinsa ke neman abu ba ya da haƙurin ƙwayar zarra, komai ƙanƙantar magana sai ta zama gobara.

Daga nan sai gangara. Tyler ya yi hatsarin babur a 1980 ya daɗe yana jinya. Whitford ya tafi a 1981. Aka kawo Jimmy Crespo da Rick Dufay, aka yi Rock in a Hard Place a 1982. Tyler ya sha zubewa a kan dandamali a gaban mutanen da suka biya kuɗi. Su da kansu sun ba da labarin cewa bayan sun sake haɗuwa a 1984, an sa wata tsohuwar waƙarsu, Tyler ya ce tana da daɗi ya kamata su ari waƙar su rera, sai da Perry ya gaya masa ai tasu ce. Mutum ya manta abin da ya rera da bakinsa.

To ka ga Nazifi, sun dawo su biyar tun 1984, amma Done with Mirrors bai yi komai ba, saboda har lokacin suna sha. A 1986 manajansu Tim Collins ya tara mutane aka zaunar da Tyler aka tilasta masa shiga cibiyar gyaran masu shaye-shaye, sauran suka bi a hankali. Collins ya yi musu alkawarin in sun daina zai mai da su tawaga mafi girma a duniya kafin 1990. Da Run-DMC sun buɗe ƙofa amma masu shiga ba sa iya tsayuwa da ƙafafunsu, wallahi waƙa ɗaya za a yi a sake mantawa da su.

Malam Sabo Tudun Wada
Hajiya Larai ta gama magana. Ni dai abin da zan ƙara, akwai na uku da ba a ambata ba, kuma shi ne wanda ba na jin daɗinsa. Kamfanin Geffen, ta hannun John Kalodner, ya ce musu dole su karɓi marubuta waƙa daga waje. Aka kai su Vancouver a Kanada wurin furodusa Bruce Fairbairn, aka haɗa su da Desmond Child da Jim Vallance. Permanent Vacation na 1987 haka aka yi shi, da "Angel" da "Rag Doll" da sauransu. Ya sayu ƙwarai. Amma ni da na san Rocks, na ji an goge musu kaifi. An yi musu kwalliya don rediyo.

Hajiya Bilki Kaduna
Malam, da girmanka, a nan kam ban bi ka ba. Mu da muka san su ta "Crazy" da "Cryin'" da "Amazing" shikenan ba mu san Aerosmith ba? Get a Grip na 1993 shi ne kundinsu na farko da ya hau mataki na 1 a Amurka. Mutanen da suka haura arba'in, a lokacin da Nirvana da ire-irensu suka share kusan duk tawagogin da aka yi yayi kafin su, su kuwa suna ƙara sama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma duk kyautar Grammy huɗu da suka ci bayan dawowar ne: "Janie's Got a Gun", "Livin' on the Edge", "Crazy", da "Pink". A shekarun da kuke yabo ko ɗaya ba su samu ba.

Kuma ku dubi "Janie's Got a Gun" da ke cikin Pump na 1989. Tyler da Hamilton ne suka rubuta ta, ba ɗan haya ba. Labarin yarinya ce da mahaifinta ke lalata da ita. Mawaƙin rock nawa ne a wancan lokacin ya taɓa irin wannan magana? Hankalin da ya dawo ne ya iya rubuta ta.

Isufu Damagaram
Hajiya, Pump kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari, akwai wuta a ciki. Inda nake tare da Malam Sabo shi ne 1998. Waƙarsu ɗaya tilo da ta taɓa hawa mataki na 1 a jadawalin Hot 100 ita ce "I Don't Want to Miss a Thing" ta fim ɗin Armageddon, wanda 'yar Tyler, Liv, ta fito a ciki. Mako huɗu ta yi a sama. Kuma Diane Warren ce ta rubuta ta, babu hannun ko ɗaya daga cikinsu a rubutun. Ka saurare ta ka nemo Perry da Whitford, gogen turawa ya rufe su ruf. Abin yana yi mini ciwo, tawagar da aka gina kan jita biyu a ce da wannan duniya ta fi saninta.

Hajiya Bilki Kaduna
To ai murya ma kayan kiɗa ce, Malam Isufu. Ba wa wani wannan waƙar ka ji ko zai kai ta inda Tyler ya kai ta a ƙarshe, wurin da yake tsage maƙogwaro. Rubutu daban, isarwa daban.

Anti Larai
Bilki, tunda kin kawo "Janie's Got a Gun", akwai abin da bai kamata mu rufe ba. Gaskiya ne Tyler ya kafa gidauniyar Janie's Fund a 2015 don taimakon 'yan matan da aka ci zarafinsu, kuma aikin alheri ne. Amma a ƙarshen 2022 wata mata ta shigar da ƙararsa a kotu a California, ta ce tana da shekara 16 ya fara hulɗa da ita a shekarun 1970, lokacin shi ya haura ashirin da biyar ko kusa da haka. Shi ya musanta zargin ta bakin lauyoyinsa. Ba ni ce alƙali ba, amma ina da 'ya'ya mata, kuma ba zan iya yabon waƙar in yi shiru a kan wannan ba. Duk mai son kiɗansu ya so shi da idonsa a buɗe.

Malam Sabo Tudun Wada
Haka ne, kuma ya dace da aka faɗa. Zamanin nan na 1970 an yi ɓarna da yawa a bayan dandamali da sunan shahara, ba su kaɗai ba.

Nazifi Rijiyar Lemo
Anti, na ɗauki maganarki ta ƙwaya, tana da nauyi. Amma har yanzu ina nan kan cewa rap bai daina ɗauke su ba. A 2002 Eminem ya gina "Sing for the Moment" a kan "Dream On", Joe Perry da kansa ya kaɗa jitar ƙarshen. Ni ta nan na fara jin muryar Tyler, kuma na san da yawa sa'o'ina haka ne. Sau biyu kenan rap yana miƙa su ga sababbin kunnuwa.

Abba Fagge
Sau biyu kuma rap yana zuwa gidansu ɗibar wuta. Ka lura duka waƙoƙin biyu na 1973 da 1975 ne.

Hajiya Bilki Kaduna
Wani abu da masu kallon finafinan Indiya a cikinmu za su so ji: kundinsu Nine Lives na 1997 sai da aka canza masa bango. Hoton farko an ɗauko zanen Krishna yana rawa a kan macijin nan mai kawuna da yawa, aka sa masa kan kyanwa. Mabiya addinin Hindu suka nuna ɓacin ransu, aka ba da haƙuri aka sauya hoton. Aƙalla sun ji kuka sun gyara.

Anti Larai
Abin da nake so ƙannenmu su riƙe shi ne barin ƙwaya ba rana ɗaya ba ce. Bayan shekaru masu yawa da tsabta, Tyler ya koma, wannan karon ta hanyar magungunan kashe zafi da likita ke rubutawa, saboda ciwon ƙafa da tiyata. A Agustan 2009 ya faɗo daga dandamali a Sturgis, jihar South Dakota, ya karya kafaɗa, aka soke sauran rangadin, kafin shekarar ta ƙare ya sake shiga cibiyar gyara. Har an fara maganar neman wani mawaƙin a madadinsa. A 2022 ma ya sake komawa bayan wata tiyatar ƙafa, shi da tawagar suka sanar da kansu, aka soke wasu wasanninsu na Las Vegas. Ina ganin irin wannan a wurin aiki: mutum ya zo da karaya, a ba shi magani na gaskiya don ciwo na gaskiya, bayan wata shida ciwon ya warke shi bai rabu da maganin ba. Mai tarihin shaye-shaye dole ya gaya wa likita tun kafin a rubuta masa komai.

Isufu Damagaram
Allah ya kyauta. Ni abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinsu shi ne daɗewar mutum biyar ɗin nan tare. Daga 1984 har kusan 2020 ba a canza kowa ba, duk da faɗan da ba ya ƙarewa tsakanin Tyler da Perry, duk da Tyler ya tafi alƙalancin gasar American Idol a 2011 da 2012 ba da son sauran ba. An shigar da su Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwanayen kiɗan rock, a 2001 su biyar ɗin. Kuma a 2004 sun yi Honkin' on Bobo, kundin da kusan dukansa tsofaffin waƙoƙin blues ne na baƙaƙen fatar Amurka, inda kiɗan nasu ya samo asali tun farko. Nazifi, in kana neman bashin da ke kansu, wannan ya girmi na Run-DMC nesa ba kusa ba, kuma ba su taɓa ɓoye shi ba.

Nazifi Rijiyar Lemo
Wannan kam ba gardama. To yanzu suna nan ko sun watse? Na ga an ce sun yi rangadin bankwana.

Malam Sabo Tudun Wada
Sun fara shi, ba su gama ba. Peace Out suka sa masa suna, aka buɗe a Satumban 2023. A wasa na uku, a kusa da New York, Tyler ya ji rauni a maƙogwaro, abin da aka ɗauka tantanin murya ne kawai sai aka gano har da karaya a maƙoshin. Yana da shekara 75 a lokacin. Aka yi ta ɗagewa ana jiran ya warke, har ranar 2 ga Agustan 2024 suka fitar da sanarwa cewa muryar ba za ta koma yadda take ba, sun daina rangadi. Cikakken kundinsu na ƙarshe na sababbin waƙoƙi shi ne Music from Another Dimension! na 2012.

Abba Fagge
Malam, su biyar ɗin ne suka hau dandamali a wannan rangadin?

Malam Sabo Tudun Wada
A'a, huɗu ne. Joey Kramer ba ya ciki. Tun 2019 ya ji rauni ya ɗan huta, da ya so dawowa sauran suka ce sai ya nuna zai iya, har ya kai su kotu a farkon 2020 yana neman a bar shi ya yi wasan bikin Grammy da su, kotu ba ta ba shi ba. Ya dawo na ɗan lokaci bayan haka, sannan ya sake janyewa a 2022 don kula da lafiyarsa da iyalinsa. John Douglas, wanda da shi ne mai kula masa da gangunan, shi ya zauna a kujerarsa a wasannin ƙarshe.